Da Gumina Na Saya, An Ce Na Gida Ne

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28 daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, ina da mata da 'ya ɗaya. Gandu muke yi, ni da mahaifina da yayana da ƙannena biyu. Da an gama kaka nakan tafi Legas cirani, ina tura kurar ruwa, sai damina ta faɗi in dawo. Duk abin da na samu ta asusun Yaya nake turowa, don ni ba ni da asusun banki. Da kuɗin da na tara na ce a sayo mini shanun huɗa biyu a kasuwar Maigatari, daga baya aka ƙara da babur. Bana da na dawo sai na tarar da sa ɗaya a turke. Yaya ya sayar da ɗayan ya ƙara aure. Babur ɗin ma da sunansa aka rubuta rasit, shi yake haya da shi. Akuyar da matata ta zo da ita daga gidansu, an sayar da 'ya'yanta biyu an sayi taki, ko tambayarta ba a yi ba. Da na kai kuka wurin Baba sai ya ce kai da kaya duk mallakar wuya ne, ya kuma karanto mini hadisin da ya ce ɗa da dukiyarsa na mahaifinsa ne. Ya ce tun da na fara cewa "nawa", to Legas ta lalata ni.

Malam, abin ya wuce maganar shanu. Sunan kakana aka sa mini, don haka tun ina yaro ba mai kiran sunana a gida. Baba ya ce "Babana", mutanen gari su ce "Mai sunan Malam". In na yi abin kirki a ce halin marigayi ne, in na yi kuskure a ce na ɓata masa suna. A Legas kuwa kowa "aboki" yake ce mini. Har nakan kwanta in tambayi kaina: ni wane ne? Me nake da shi a duniya da zan ce nawa ne ni kaɗai? Abokaina sun ce in ware, in kama haya a cikin Gumel ko in kwashe iyalina mu koma kudu. Ina tsoron fushin iyaye, ina kuma tsoron in tsufa ban mallaki ko allura ba. Shin laifi ne in ce ina son nawa?

Daga mai karanta shafinka a Jigawa.

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin na ga ita ce take hana ka barci. A'a, ba laifi ba ne. Mutum ya so ya san abin da yake nasa ba rashin tarbiyya ba ne, kuma ba Legas ce ta koya maka ba. Na karanta wasiƙarka ban ga inda ka zagi kowa ba, ba ka kira yayanka ɓarawo ba, ko da kake ba da labarin maganar da ta ƙona maka rai da ladabi ka ambaci Baba. Wanda ya lalace ba haka yake magana ba. Kuma na gane inda ciwon yake. Ka kwashe rani kana tura kura cike da jarkoki, kana shan garin kwaki don kuɗin su taru, kana kallon shanunka a zuci. Ka sauka daga mota, ƙila ko ruwa ba ka sha ba ka nufi turke, ka tarar da igiya ɗaya a yashe a ƙasa. Ina kyautata zaton da Yaya ya kira ka a waya ya ce, "Aure ya matso mini, ka rufa mini asiri da sa ɗaya," da ka ba shi, ko da ka ɗan yi gunaguni. Abin da aka hana ka shi ne ka buɗe bakinka ka ce "na ba ka". Wannan ya fi kuɗin san zafi, kuma a kansa zan gina duk abin da zan gaya maka.

Hadisin da Baba ya karanto maka hadisi ne, yana cikin littafin Ibn Majah, kada ka kuskura ka tsaya musu da shi a kai. Amma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, ba su fahimce shi a kan cewa ɗa ba ya mallakar komai ba. Sun ce uba yana da haƙƙin ya ci daga dukiyar ɗansa gwargwadon buƙatarsa, kuma in uba ya rasa, wajibi ne ɗa mai hali ya ciyar da shi. Hujjarsu a fili take. Aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta yanka wa kowane ɗaya daga iyaye sudusi in ɗansu ya rasu ya bar 'ya'ya. Da dukiyar ɗa ta uba ce tun asali, me za a yanka masa? Ai sai ya kwashe kayansa kawai. Ɗauki halin da kake ciki, Allah ya ja kwana: da yau ta Allah za ta kasance a kanka, 'yarka ce mai rabin abin da ka bari, matarka ta ɗauki tumuni, mahaifiyarka in tana raye ta ɗauki sudusi, abin da ya rage na Baba ne. Yaya ba ya ma cikin magada muddin Baba na raye. Haka in dukiyarka ta kai nisabi, kai za a tambaya zakka, ba mai gida ba.

Ka kuma lura da wannan, domin nan ne zancen ya cakuɗe a gidanku: hadisin uba ya ambata, bai ambaci wa ba. Baba bai ɗauki sanka ya sayi hatsi don yunwa ba, Yaya ne ya sayar ya yi lefe. Girman da addini ya ba mahaifi ba ya gangarowa kan babban wa, ko da kuwa shi ne mai jiran gado a idon mutanen gari. Tsakaninka da Yaya hukuncin da ke tsakanin kowane Musulmi da ɗan'uwansa ne, wato dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Maganar akuyar matarka kuwa ita ce mafi sauƙin hukunci, kodayake ita ce aka fi rainawa. Ba ta gandu ba ce, ba taka ba ce kai kanka. Abin da mace ta zo da shi daga gidansu, da sadakinta, da abin da ta samu a sana'arta, nata ne, aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwurta, mata ma suna da nasu. Abin da ke damuna shi ne a ƙauyukanmu an mayar da awakin mata tamkar asusun gaggawa na maza, da an matsu sai a kama ɗaya a nufi kasuwa, mai ita tana kallo kunya ta hana ta magana.

Yanzu mu koma ga al'adar da ake cewa ka saɓa. Gandu na gaskiya, wanda kakanka ya sani, bai taɓa haɗiye mutum gaba ɗaya ba. Yarjejeniya ce mai hannu biyu, ko da ba a rubuta ta ba. 'Ya'ya su yi aikin gonar gandu daga safe zuwa azahar, mai gida kuma ya ciyar da su da iyalansu daga rumbu, ya yi musu auren fari, ya sayi ragon suna, ya biya musu haraji a zamanin da ake biya. Bayan wannan akwai gayauna, 'yar gonar da ake yankar wa ɗa ya noma da yamma ko ranar da ba a fita gandu, abin da ya fito nasa ne, ko ya sayar ko ya adana ba mai tuhumarsa. A yawancin wurare abin da saurayi ya samo da rani, a ɗinki ko fatauci ko cirani, shi ma nasa ne, sai dai ya yi tsaraba ya kuma taimaka. Ka ga ke nan magabata sun san ɗan Adam yana buƙatar wani abu da zai nuna ya ce ga nawa, sun kuma ware masa wuri tun kafin ya tambaya.

Abin da ya faru shi ne zamani ya sauya nauyin kowane hannu. Tun 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, lokacin Jigawa tana ciki, domin sai 1991 aka ƙirƙire ta. Wannan sauƙi ne ga talaka, amma kuma ɗaya daga igiyoyin da suka ɗaure ɗa da mai gida ta kwance. Gonaki sun yi ta tsagewa wurin rabon gado, ƙasa ta gaji sai da taki, taki kuma sai da kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya ƙara tsada, daga kuɗin mota zuwa ƙwadago. A da rumbu shi ne babbar dukiyar gida, kuɗin cirani ƙari ne. Yanzu a gidaje da yawa saƙon da ke shigowa ta waya daga Legas ko Fatakwal ko Abuja shi ke riƙe da gidan. Tsohuwar yarjejeniya ba ta faɗi yadda za a yi da wannan ba, shi ya sa kowa yake fassara ta yadda ta yi masa daɗi. Rikicin gidanku ba na mugun uba da mugun wa ba ne, ƙa'ida ce ta tsufa ba a zauna an sabunta ta ba.

Don haka ina so ka yi wa Baba adalci a zuciyarka kafin ka sake tunkararsa. Dattijo irinsa in ya ji ɗansa ya ce "nawa", ba zancen shanu yake ji ba. Yana jin gandu zai watse yana raye, yana hango ranar da zai zauna a ƙofar gida mutane su wuce suna cewa 'ya'yan wane sun raba tukunya tun bai mutu ba. Yana tsoron in kai ka ware, ƙannenka biyu su bi sahu, ya rage shi da gona da ciwon baya. Karin maganar da ya jefa maka garkuwa ce, ba lallai ba ne a ransa yana ganin Yaya ya kyauta. Sau da yawa uba yakan san babban ɗansa ya yi ba daidai ba, amma ba zai kunyata shi a gaban ƙaninsa ba.

Shi ma Yaya yana da nasa lissafin, kuma in kana son a ji naka dole ka fara jin nasa. Duk watannin da kake kudu, wa ya ci gaba da ɗawainiyar gidan? Wa ya nemo harawa da dusa ya shayar da shanun nan a tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare? Matarka da 'yarka daga wane rumbu suka ci? In yarinyar ta yi zazzaɓi da dare wa ya ɗauke ta zuwa asibiti? Kuɗin motarka na tafiyar farko, da ɗawainiyar aurenka, daga ina suka fito? Ban kawo waɗannan don in wanke shi ba. Wahalar kiwo ba ta mayar da mai kiwo mai dabba, kuma shanun sun yi wa gandu huɗa, sun ja amalanke, takinsu ya tafi gonar gida. Amma ka san yadda ake kiwon raba riba a wajenku: mai kuɗi ya saya, mai kiwo ya yi ɗawainiya, in an sayar a cire uwar kuɗi a raba abin da ya hau. A wannan ma'auni Yaya yana da wani kaso a cikin san da ya sayar, kai kuma kana da uwar kuɗinka da naka kason. Akwai kuma tambayar da kai kaɗai za ka amsa: lokacin da kake turo kuɗin, ka fito fili ka ce "a sayo mini", a gaban wani da zai iya shaida, ko kuwa cewa ka yi "a sayi shanu" ka bar sauran a ranka? In na biyun ne, ka ga ƙofar da fahimta ta rabu.

Sai maganar da ka ce ta wuce ta shanu, kuma na yarda ta wuce. Sunan da ba a kira ba ƙi ba ne. Baba ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifinsa gatsau ba, alkunya ce, kuma duk lokacin da ya ce "Babana" yana ɗora ka ne a wurin da ya fi kowane wuri daraja a zuciyarsa. Sai dai na san girma ma yana da nauyi. Yaro ya tashi ana auna shi da mutumin da bai ma san shi sosai ba, in ya yi daidai lada ya tafi kabari, in ya kauce laifi ya dawo kansa. Wannan yana gajiyar da rai, kuma ba ka yi saɓo ba don ka ji haka.

Ga abin da nake so ka riƙe. Bahaushe yakan rayu da sunaye da yawa: na yanka, na alkunya, na wasan yara, na sana'a, in ya haihu a koma ce masa baban wance. Kowanne yana faɗin matsayinka a wurin wani, amma ba ɗaya daga cikinsu da ya ƙunshe ka duka. "Aboki" na Legas kuwa ba kai ake kira ba, duk ɗan Arewa ake kira, kuma sau da yawa mai kiran bai damu ya san ka ba. Amma ka duba cikin unguwar da kake kai ruwa. Akwai matar da ke barin ka shiga har madafarta ka juye jarka ba ta tsaye a kanka. Akwai mai rijiyar burtsatsen da ke ba ka ruwa bashi ya san da yamma za ka kawo. Waɗannan ba su taɓa jin labarin kakanka ba, ba su san gidanku ba. Amanar da suka gani taka ce, kai ka gina ta da safiya bayan safiya, ba wanda ya bar maka ita gado kuma ba mai iya kai ta kasuwa. Niyyarka taka ce, alkawarin da ka ɗauka naka ne, sallar da ka tashi ka yi a masaukin 'yan cirani ba mai ganinka taka ce. Suratun Najmi ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, kuma mutum ba shi da komai sai abin da ya aikata. Suratu Maryam, aya ta 95, ta ce kowa zai je wa Ubangijinsa ranar ƙiyama shi kaɗai. Ba za a kira gandu ba, ba za a kira Mai sunan Malam a haɗa ku da marigayi a littafi ɗaya ba. Wanda za a yi wa hisabi shi kaɗai a kan inda ya samo dukiya da inda ya kashe ta, dole ya zama yana da ta cewa a kanta tun a nan.

Ina faɗa maka wannan ne don kada ka ɗaura darajarka a turke, har ka ga in sa ya tafi kai ma ka tafi. Amma kada wani ya juya maganar ya ce maka tun da hali shi ne mutum, to ka manta da san. Biyun tare suke tafiya.

Abin yi na farko ba ya buƙatar izinin kowa. Ka je ka yi rajistar katin ɗan ƙasa in ba ka yi ba. Hukumar NIMC ce ke bayar da lambar NIN mai alƙaluma 11, kuma rajistar farko a ƙa'ida kyauta ce. Ka tabbatar sunanka na yanka da na mahaifinka aka rubuta, daidai harafi da harafi, domin gyara daga baya wahala ne. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da NIN, to ka bincika layin da ke hannunka da lambar wa aka haɗa shi. Daga nan ka buɗe asusu da sunanka, kuma lambar sirrinka kada ka faɗa wa kowa, ko mai POS ne. Rabin wannan rigima ta samo asali ne daga kuɗinka da suke kwana a aljihun wani. Mutum in kuɗi suna shiga wayarsa wata da watanni, a hankali zuciyarsa takan fara ganinsu nasa ne, ko da mutumin kirki ne. Ka ɗauke wa Yaya wannan jarrabawar.

Na biyu, ka fara da matarka kafin ka nemi naka. Ka zaunar da ita ka ce mata ka san an shiga haƙƙinta, kuma in ka samu hali ka saya mata 'yan awaki biyu a madadin nata, daga aljihunka, ba tare da ka jira gandu ya biya ba. In ta ce ta yafe, ka tabbatar ba kunya ce ta yi magana ba. Wannan zai wanke ka, zai kuma nuna wa gidan a aikace abin da kake nufi, ba tare da ka ɗaga murya ba.

Sannan ka nemi Yaya ku biyu kawai, ba a tsakar gida ba, ba inda amaryarsa ko matarka za su ji ba. Hanyar gona ta fi. Ka fara da godiya ta gaskiya a kan ɗawainiyar iyalinka da shanun, ka yi masa murnar aure. Sai ka ce masa, "Yaya, da ka gaya mini da ban hana ka ba, rashin faɗar ne ya dame ni. Ina so mu san matsayin kuɗin nan, don kada 'ya'yanmu su zo su gaji rigima." Ka bar shi ya yi magana har ya gama, ko da ya kawo abin da ba ka so. In ya amsa bashi ne, ku cire masa kason kiwonsa, sauran ya riƙa biya da kaka, ko da buhun riɗi ko na gero ne a shekara. In ka duba ka ga ba shi da halin biya kuma ranka ya kwanta, kana iya yafe masa rabi ko duka, amma ya zama bayan ya amsa cewa naka ne. Babur kuwa ba sai ka ƙwace ba, tun da kai rabin shekara ba ka nan. Ku rubuta takarda cewa naka ne, shi ya ci gaba da haya yana ba da balas ɗin da kuka amince, a riƙa ba matarka ko a zuba a asusunka. Kada kunya ta hana ku rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ce ban da 'yan'uwa ba.

Wurin Baba kada ka koma kai kaɗai, kuma kada ka je da ayoyi a baki kamar mai shirin muƙabala. Ɗa ba ya cin nasara a kan ubansa da hujja, ko ya yi gaskiya. Ka nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, baffanka ko kawunka ko limamin gari, ka fayyace masa komai, har da abin da gida ya yi maka. Shi zai san yadda zai warware zancen hadisin ba tare da dattijo ya ji an ci gyaransa ba. Abin da za a kai masa kuma kada ya zama ƙorafi, ya zama tayi: ba ka fita gandu, damina tana faɗuwa kana nan da fartanyarka, duk shekara ga abin da ka ɗaukar wa kanka za ka sa na taki da cefane, a faɗi adadin a gaban shaida, ga kuma wani abu na musamman da za ka riƙa damƙa wa Baba a hannunsa. Abin da ya rage bayan wannan naka ne. San da ya saura ya ci gaba da yi wa gandu huɗa, amma kowa ya san mai shi, ba a sayarwa sai da bakinka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wannan ita ce maganar da ya kamata ta fara shiga kunnen Baba, kafin a ambaci ko sisi.

A wannan zaman ka roƙi a yanka maka gayauna, a kuma yanka wa ƙannenka, don kada ya zama kanka kaɗai ka sani. A fayyace aro ce ko kyauta. In kyauta ce, littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya bayyana cewa kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa, in mai bayarwa ya rasu kafin haka ta koma gado. Don haka a kafa shaidu, a sanar da bulama ko mai unguwa, kuma Baba ya daidaita tsakanin 'ya'yansa. Nan ma akwai abin da zai sa dattijo ya saurara: duk abin da aka bari a cakuɗe, ranar da ya kwanta dama zai shiga rabon gado ne gaba ɗaya, ko a cinye guminka a ciki, ko kai da Yaya ku cinye rabon 'yan'uwanku mata da sunan kun sha wahala. Gidaje nawa ne suka daina gaisawa a kan wannan? Shi ma ya san su, yana iya lissafa maka su da suna.

Shawarar abokanka ta kwashe iyali zuwa kudu ban goyi bayanta ba a yanzu. Abin da kake samu yana auki ne saboda kai kaɗai ne a can, kana kwana inda ta kama, abincin iyalinka kuma yana fitowa daga gona. Ka ɗora kuɗin haya da cefanen birni a kan kurar ruwa ka ga abin da zai rage. Kuma tafiya cikin fushi takan rufe ƙofar da za ka buƙata gobe. In zaman ya ƙi daɗi duk da an yi sulhu, akwai matakin tsakiya da kowa ya sani: a raba tukunya ana gida ɗaya, ka ja ɗan shingenka, ka yi rumbunka, kana taya Baba aikin gonarsa. Magidanta da yawa sun yi haka da albarkar iyayensu. In Yaya ya musanta kuɗin gaba ɗaya, sai a je ga dagaci ko 'yan Hisba su sasanta, kotu ta zama ta ƙarshe, kuma ko an kai can tsakaninka da Yaya ne, kada sunan Baba ya shiga takardar ƙara.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan zama shi ne bayan an kai amfani gida, rumbu ya cika, hankali ya kwanta, kafin ka ɗaura jakar komawa. Kada ka tayar da shi a tsakiyar damina ana neman abin sa wa a baki. In kuma an yi duk wannan Baba ya ce shi bai yarda ba, kada ka yi gardama, kada ka daina zuwa gaishe shi da safe. Ka koma cirani da asusunka, ka riƙa turo wa gida abin da ka yi alkawari a kan lokaci ba tare da an roƙa ba, nasa kason kuma ka aiko masa daban ta hannun wanda ka amince da shi. Sauran ka adana, in za ka sake sayen dabba ka je kara da ƙafarka, dillali ya rubuta takardar ciniki da sunanka. Ka sake rubuto mini bayan kun zauna da Yaya, ina so in ji abin da ya ce game da kason kiwon, domin daga amsarsa za mu san ko baffa kaɗai ya isa ko sai an haɗa da liman. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa wa nemanka albarka.